Ranar da Kafi-Tarakta Ya Ba da Shaida

A Kwarin Ɗorawa, wani ƙauye da ke bayan Danja, in ka ji murya ta tashi a teburin mai shayi tana cewa "ai ni ne nan", ba sai ka waiwaya ba, Gwadabe ne. Shi ya fara kawo takin zamani garin, in ji shi. Shi ya taɓa korar kura da tari ɗaya. Shi ya koya wa wani direban tarakta yadda ake juyawa a ƙarshen kunya, har mutumin ya yi hawaye don godiya. Ba wanda ya ga ko ɗaya daga cikin waɗannan da idonsa, amma kowa ya haddace su, don Gwadabe ba ya barin labari ya huce.

Abu guda ne a cikin cika-bakinsa yake da ƙamshin gaskiya, wato bijimin da yake huɗa da shi. Fari ne tas, tozonsa kamar an kife tulu, ya raɗa masa suna Kafi-Tarakta. In aka ɗora masa karkiya, abokin aikinsa sai dai ya yi ta binsa yana haki. Duk wanda ya tambayi abin da ake ba shi, sai Gwadabe ya shafa gemu ya ce, "Sirrin kakanni ne. Ko matata ba ta sani ba."

Matarsa Zuwaira ta sani sarai, don ita ke wanke bokitin. Sirrin kakannin nan yana tsallaken rafi, a unguwar Maguzawa, gidan wata dattijuwa mai dafa burkutu da kowa ke kira Tsohuwa. In ta tace giyarta, dusar dawar da ta rage Gwadabe ke zuwa ɗauka ta cikin gonaki, ya lulluɓe bakin bokiti da harawa, ya shanya a bayan rumbu, in ta bushe ya zuba wa bijimin. Ba wani abin mamaki ba ne, masu kiwo da dama suna yi, kuma tana sa ƙiba. Matsalar ita ce Gwadabe ɗan sahun gaba ne a masallaci, kuma duk lokacin da Liman ya taɓo zancen giya, "wa'iyazu billahi" ɗinsa ya fi na kowa ƙara. Har rantsuwa ya taɓa yi cewa ko inuwar gidan Tsohuwa ba ta taɓa sauka a ƙafarsa ba.

Da Sarkin Noman garin ya rasu, rawanin ya tsaya tsakanin mutum biyu, Gwadabe da taubashinsa Haladu, wanda tun suna yara ba shi da aikin da ya wuce tsokanar Gwadabe, al'ada kuma ta ba shi dama. Dagaci ya ce ba zai yi dogon bincike ba. Za a yi masa gayyar huɗa a gonarsa, kowa ya zo da shanunsa, idon jama'a ya yanke hukunci.

Ana gobe gayya, Likita Mahadi, likitan dabbobin da ke zagaya ƙauyukan nan a kan babur, ya zo ya yi wa shanun garin allurar rigakafi, har da Kafi-Tarakta. Washegari da sassafe Gwadabe ya yi wani tunani irin nasa. In busasshiyar dusa tana ba da ƙarfi, ai jiƙaƙƙiya mai kumfa da tsami sai ta ninka. Ya cika bokiti har baki ya dire gaban bijimin.

"Malam, wannan fa ba ta bushe ba," in ji Zuwaira. "Warinta ma ni ya fara juya min kai."

"Ke dai je ki dama kunu. Harkar shanu ta maza ce."

Gonar Dagaci ta cika maƙil. Makaɗa suna ta sakin gangar noma, mata sun jera ƙoren fura a inuwa. Kunyar farko da Gwadabe ya ja ta fita miƙaƙƙiya kamar an ja zare, har yana riƙe garma da hannu ɗaya yana ɗaga wa jama'a ɗayan. Ta biyu ta ɗan karkace. Ta uku ta yi kwana, ta tsallake ta biyu, ta koma ta gaishe da ta farko. Daga nan Kafi-Tarakta ya ja abokin aikinsa da garma da Gwadabe gaba ɗaya, suka nufi gindin ɗorawar da Dagaci yake zaune. Ya tsaya a gabansa, ya ƙura masa ido kamar ya taɓa ganinsa a wani wuri, ya durƙusa, ya kwanta, ya lumshe ido, ya kama wani gurnani mai taushi kamar mai rera waƙa.

Ganga ta mutu.

"Kai, madalla da tarbiyya," in ji Haladu. "Taubashi, har gaisuwar fada ka koya masa? Saura ya ce ranka ya daɗe."

Gwadabe ya ja wutsiya, ya murɗa kunne, ya kira shi da duk kirarin da ya sani. Bijimin ya buɗe ido ɗaya, ya yi gyatsa, ya mayar ya rufe.

Liman ya toshe hanci. "Wani wari nake ji kamar kunu ya kwana."

"Warin allura ne, Allah gafarta Malam!" Gwadabe ya yi caraf. "Likitan nan ne ya kashe min sa da ransa! Jiya ya tsira masa allura, yau ga shi!"

"Nawa ma an yi musu allurar," in ji Haladu, "ga su can suna huɗa."

"Naka ai shanu ne kawai. Wannan jininsa daban ne, ba ya haɗuwa da ruwan Bature. Wallahi sai na sa an ƙwace lasisin yaron nan, ko kaza ba zai ƙara taɓawa ba!"

Dagaci mutum ne mai son ya ga ƙarshen abu. Ya ce ya ji, zai jingine naɗi har sai an ji ta bakin hukuma. In hukuma ta tabbatar laifin likita ne, rawani na Gwadabe ne, tunda kunyarsa ta farko ta fi ta kowa. In ba haka ba, Haladu ya ɗauka.

Gwadabe ya shiga Funtua, aka buga masa takardar ƙorafi da na'ura, ya aika wa hukumar da ke ba likitocin dabbobi lasisi. Tun kafin a ba shi amsa ya gama ba da labarin yadda shugabannin hukumar suka rasa barci. Likita Mahadi ya zo har gida ya ce a bar shi ya duba bijimin, Gwadabe ya tare ƙofa da ƙirji.

"Malam Gwadabe, aikina ne fa ka sa a gaba. In ba shi da lafiya a yi masa magani, in lafiyarsa ƙalau a faɗi gaskiya."

"Wanda ake ƙara ba ya taɓa shaida. Ni da kake gani na san doka fiye da lauya."

Dawa ta kai ƙugu sannan amsa ta iso. Gwadabe ya kai ta teburin mai shayi, ya ce ya manta tabaraunsa a gida, ya miƙa wa Haladu ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Haladu ya gyara murya ya karanta. Hukuma ta yi watsi da ƙorafin saboda babu hujja. In mai ƙorafi bai gamsu ba, yana iya ɗaukaka ƙara gaban wani kwamiti da zai zauna a Funtua.

Mai shayi ya sunkuyar da kai cikin tukunya yana dariya. Gwadabe kuwa ya miƙe tsaye.

"Kun ji ko? Su da kansu suke roƙona in hau sama. Sun san na ƙasan yara ne, ba su kai su saurare ni ba. Hujja suke so? Zan kai musu hujja mai ƙafa huɗu!"

Tun ranar gayya tsoro ya sa Gwadabe ya daina zuwa tsallaken rafi, Kafi-Tarakta kuwa bai ji daɗin wannan tuba ba. Ya zama mafaɗaci, a ba shi harawa ya watsar, a zo kusa ya kai harbi. Ranar tafiya Funtua, sai da majiya ƙarfi suka taru kafin a tura shi bayan akori-kurar Ɗanasabe direba. Gwadabe ya shige gaba da babbar riga, ya ɗora kular tuwon da Zuwaira ta haɗa masa a cinya, yana ɗaga wa mutane hannu kamar mai tafiya aikin hajji.

"Malam Gwadabe, anya wannan san mara lafiya ne?" in ji Ɗanasabe da ya ji motar tana rawa. "Tunda nake ɗaukar marasa lafiya ban taɓa ganin wanda ke neman ɓalle min ƙarfe ba."

"Zafin ciwo ne. Ka tuƙa kawai."

Sun iso wata 'yar kasuwar bakin titi, Ɗanasabe ya rage gudu saboda masu tallar gasasshiyar masara, sai suka ji motar ta yi sauƙi lokaci ɗaya. Ta madubi suka hango mara lafiya ya dira ƙasa, ya ratsa ta tsakiyar masu rake, ya kifar da murhun wata mai masara, ya ɗauki zangarniya ɗaya a baki, ya miƙi hanyar gida wutsiya a sama. Matan kasuwar suka kewaye motar. Gwadabe ya leƙo ta taga ya ce shi ma fasinja ne, bai san mai san ba.

"To mu juya ke nan," in ji Ɗanasabe bayan sun kuɓuta da ƙyar.

"Juyawa? Ni?" Gwadabe ya sauka ya leƙa bayan motar, fuskarsa ta washe. Bijimin ya tafi, amma ya bar saƙo, tuli guda, har yana tururi. Gwadabe ya juye wa Ɗanasabe tuwon a leda, ya cika kular da abin da ya samu, ya rufe gam.

Shugabar kwamitin wata babbar likitar dabbobi ce, Hajiya Murja, da tabarau a karan hanci, maza biyu suna zaune gefenta. Likita Mahadi yana kujerar gefe, ya rame saboda zullumi. Gwadabe ya shiga da sallama mai tsawo, ya dire kula a tsakiyar teburi, ya fara jawabi tun daga kakan Kafi-Tarakta.

"Malam Gwadabe," Hajiya Murja ta katse shi, "mun gode, amma ba ma karɓar abinci daga hannun mai ƙara."

"Ba abinci ba ne, ranki ya daɗe. Shaida ce."

Ya buɗe. Fankar sama tana aiki, ta raba shaidar daidai wa daida, ba wanda aka bari a baya. Ɗaya daga cikin mazan ya tuna yana da kiran waya a waje. Ɗayan ya buɗe taga ya tsaya a can.

"Ina shi san?" in ji Hajiya ta cikin mayafi.

"Ai ba shi da ƙarfin zuwa, ranki ya daɗe."

"A ina yake yanzu?"

"Ya... koma gida."

"Da mota?"

"Da ƙafa. A guje. Amma gudun ciwo ne."

Hajiya Murja ta cire tabarau ta dube shi da kyau. Ta ce tunda sa ba ya iya zuwa wurin kwamiti, kwamiti zai je wurin sa, ranar kasuwar Kwarin Ɗorawa mai zuwa. In sun same shi kwance da cutar allura, za su ɗauki mataki kan likita. Likita Mahadi ya ce shi ma abin da yake roƙo ke nan tun farko. Aka ce Gwadabe ya tafi da shaidarsa.

A gida ya sanar cewa ya girgiza Funtua, har manya suna gudu waje saboda nauyin hujjarsa, kuma sun ce sai sun zo har gida sun gaishe shi. Zuwaira ta buɗe kularta za ta wanke.

"Malam! Kulata ta zuwa biki?"

"Ta shiga tarihi, Zuwaira. Ta hau teburin gwamnati."

"To kai za ka riƙa cin tuwo a cikinta, tunda tarihi kake so."

Yanzu saura abu ɗaya, dole kwamiti ya tarar da Kafi-Tarakta a kwance. Bijimin kuwa tsaye yake ƙyam a turke, yana tonon ƙasa da kofato. Gwadabe ya ce ai shi ya koya masa huɗa, koya masa kwanciya ba za ta gagare shi ba. Ya tsaya gabansa ya ce "kwanta!" Bijimin ya kalle shi. Ya sake faɗa da taushi. Bijimin ya juya masa baya. Sai Gwadabe ya ga ai dabba da gani take koyo, ya durƙusa a gabansa, ya mirgina gefe, ya lumshe ido, ya kama gurnani.

Bai san kawuna sun jeru a kan katanga ba sai da ya ji muryar Haladu.

"Jama'a, ku taya ni gani. A cikin biyun nan wanne aka yi wa allurar?"

Gwadabe ya tashi yana kaɗe ƙasa, ya ce motsa jiki yake yi irin na sojoji. Washegari ya sake dabara. Ya samo gawayi ya zana wa bijimin haƙarƙari a farar fatarsa, layi-layi, don ya yi kama da ramamme. Daga nesa abin ya ɗan yi. Kafin azahar bijimin ya goge gefe ɗaya a jikin zannuwan da Zuwaira ta shanya. Ranar tuwon Gwadabe ya zo ba miya.

Da dabaru suka ƙare, sai ya koma ga abin da zuciyarsa ta sani tun ranar gayya, ko da yake bakinsa bai taɓa yarda ba. Abu ɗaya ne ke kwantar da Kafi-Tarakta. Da la'asar ya sulale ta bayan rumbu, ya ratsa cikin dawa, ya tsallake rafi, ya leƙa ta dangar bayan gidan Tsohuwa. Tana zaune tana iza wuta a ƙarƙashin wata ƙatuwar tukunya.

"Iya, barka da aiki."

"Wa nake ji? Ba kai ne inuwar gidana ba ta taɓa ƙafarka ba? Matsa baya, ɗana, ga ta nan tana taka ka."

"Iya, ai magana ce ta masallaci. Dusa nake so, jiƙaƙƙiya, irin ta rannan."

"Irin wadda na ce maka kada ka ba dabba sai ta bushe?"

"Ita."

"Sai ranar kasuwa. Ranar nake tacewa."

"Ranar ce fa kwamiti zai zo! Ba za ki tace ana gobe ba?"

"Giya ba ta san kwamiti ba, Gwadabe. In ta nuna ta nuna, in ba ta nuna ba ko gwamna ne sai ya jira. Da hantsi zan tace, in zuba maka taka a kwatarniya. Ka zo ka ɗauka, ko ta danga ko ta ƙofa, ni duk ɗaya ne."

Gwadabe ya auna, ya ga ba matsala. A saninsa ma'aikacin gwamnati in ya ce safe, azahar yake nufi. Zai ɗauko da hantsi, ya ba bijimin, kafin su iso ya yi laushi.

Ranar kasuwa ya tashi da ƙarfin gwiwa. Ya sa babbar rigarsa mai aiki, ya naɗa wani farin rawani da ya sayo a kasuwar Malumfashi, wai don kai ya fara sabawa. Ya ɗauki bokiti ke nan zai bi ta bayan rumbu, sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Hajiya Murja ba ta san al'adar azahar ba. Kafin ya yi wani motsi gidan ya cika, ga kwamiti, ga Likita Mahadi, ga Dagaci, ga Liman, ga Haladu, ga rabin 'yan kasuwa da suka bar kayansu suka biyo kallo. Gwadabe ya tura bokitin ƙarƙashin babbar riga, ya riƙe ta ciki da hannu ɗaya.

"Taubashi, wannan cikin fa? Wata nawa?" in ji Haladu.

"Ƙiba ce ta masu rawani."

Hajiya Murja ta zagaya bijimin. Ta duba ido, ta duba baki, ta sa abin sauraron ƙirji ta saurara. Ta shafa haƙarƙarin da ya rage a gefe ɗaya, ta dubi yatsunta sun yi baƙi ƙirin.

"Malam Gwadabe, wannan haƙarƙarin da gawayi aka yi shi?"

"Alamar cutar ce, ranki ya daɗe. Ta fata take fitowa."

"Ikon Allah. To ni dai ban taɓa ganin sa mai lafiyar wannan ba. Ka ce kwanciya yake yi?"

"Yana yi! Kunyar baƙi yake ji. Ku ɗan zauna a sha ruwa, in zagaya in dawo, za ku gani."

Bai rufe baki ba iska ta kaɗo daga wajen rafi. Tsohuwa ta fara tata. Kafi-Tarakta ya ɗaga hanci sama, ya buɗe shi, ya shaƙa. Kunnuwansa suka miƙe. Ya yi wani kuka mai ban tausayi irin na wanda ya ji muryar masoyi bayan doguwar rabuwa, ya ja baya, ya fizga. Turke ya tumɓuke. Ya bi ta bayan rumbu ya faɗa cikin dawa, turken yana binsa yana tsalle.

"A tare! A tare!" Gwadabe ya bi shi yana gudu da hannu ɗaya a cikin riga. Jama'a suka ɗunguma a baya, Dagaci ya tattare riga, Liman yana salati, Hajiya Murja ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu. Ba wanda ya sha wahalar ratsa dawar, don akwai wata 'yar hanya a ciki, ta sha taku har ta yi sulɓi.

"Ranka ya daɗe," Haladu ya ce wa Dagaci yana haki, "ka ga hanyar nan kuwa? Daga bayan rumbun taubashina ta tashi. Ko ina za ta?"

Hanya ta tsallake rafi ta dire a dangar Tsohuwa. Bijimin bai tsaya neman ƙofa ba, ya yi tasa. Masu shan burkutu suna zazzaune a tsakar gida da ƙorensu. Maguzawan cikinsu ko gezau ba su yi ba, sai ma matsawa da suka yi don baƙo ya wuce. Amma akwai wasu mutum biyu daga cikin masallatan gari da suka hango rawanin Liman, suka haura danga ta ɗaya gefen, ɗaya ya bar hularsa. Liman ya tsaya daga waje yana kallon sama, kamar bai gane hular ba.

Kafi-Tarakta ya riga ya tsoma kai a kwatarniya har kunne.

"Ku bar shi ya sha, rabonsa ne," in ji Tsohuwa, ko tashi ba ta yi ba. "Na maigidansa ne na ajiye. Gwadabe, yau shi ka aiko da kansa? Ina bokitin?"

"Ni ban san matar nan ba," in ji Gwadabe. "Ban taɓa ganinta ba. Wane bokiti?"

Ya ɗaga hannu biyu zai rantse. Bokitin ya sulluɓo daga ƙarƙashin riga, ya faɗi ƙwal, ya gangara har gaban Tsohuwa.

"Yauwa, ga shi. Zuwaira dai ta iya wanki."

Dariyar da aka yi har a kasuwa an ji ta. Gwadabe ya yi kan bijimin zai janye shi, ya tarar igiyar ta tsinke ta bar turke a rafi. Ya duba hagu ya duba dama, ba mai ba shi ko zare. Ya warware sabon rawaninsa, ya ɗaura a ƙaho, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Bijimin bai ɗago ba sai da ya lashe kwatarniyar tas. Sannan ya fito ta ƙofar gaba a nutse, yana jan Gwadabe, ya yi taku kaɗan a miƙe, ya yi kaɗan a karkace, ya zo daidai bakin ƙofa, kan hanyar kasuwa, ya zube a kan rabin rawanin, ya lumshe ido.

Gwadabe ya yi tsalle.

"Kun gani! Ya kwanta! Hajiya, a rubuta! Ga shi a gaban idonku!"

"Mun gani, Malam Gwadabe," in ji Hajiya Murja tana mayar da takalmi. "Mun kuma ga allurar da ta kwantar da shi, a kwatarniya take. Kwamiti ya kori ƙararka. Likita Mahadi, ka ci gaba da aikinka, ka yi haƙuri."

Likita Mahadi ya sauke numfashi. Duk da haka ya durƙusa ya taɓa cikin bijimin, ya ce a yi masa inuwa, a ajiye ruwa kusa, kada a tashe shi da ƙarfi, kuma kada mai shi ya matsa daga wurin har ya farka.

Dagaci ya share hawayen dariya da bakin riga. "Haladu, ka shirya. Juma'a bayan masallaci za a naɗa ka."

"Godiya nake, ranka ya daɗe. Taubashi, in bijimin ya tashi ka ara min rawanin, na ga ka riga ka lausasa shi."

Gwadabe ya sha gaban Hajiya Murja. "Ranki ya daɗe, sama da ku babu wani kwamitin?"

"A kan likita dai magana ta ƙare."

"To shi wannan munafukin," ya nuna bijimin, "ina ake kai ƙararsa?"

"Kawo ta nan, ɗana," in ji Tsohuwa daga ciki. "Amma sai ya farka. Ba a yi wa mai maye shari'a."

Haka Gwadabe ya wuni a ƙofar gidan burkutu, kai ba hula, yana yi wa bijimi fifita da murfin kwando, duk mai zuwa kasuwa da mai dawowa sai ya tsaya ya yi masa sannu da jinya. Da farko sunkuyar da kai yake yi. Wajen la'asar wasu baƙi daga Dandume suka tsaya suna tambayar abin da ya faru, sai aka ji murya ta fara dawowa.

"Kwatarniya guda, cike, a tsaye ya shanye, ko numfashi bai yi ba. Ku zagaya Funtua da Malumfashi, in kun sami san da zai iya haka ku zo ku faɗa min. Ni na hore shi."